Furannin da na Cire daga Kabarin Sanda

Kun tashi kun same ni ina sayar da labule da darduma, don haka da yawanku ba ku san da fulawa, wato furen roba, na fara kasuwa ba. Lokacin da aka ba mu jihar Kebbi, a Jega kaf ni kaɗai ke da rumfarta. Shekarar nan kowa ya haukace da ado. Sabbin ofisoshi a Birnin Kebbi na neman abin ɗorawa a tebur, duk wanda ya samu kujera sai an yi masa walima, amare kuma sun daina yarda da jeren kwanoni kawai, sai an soka fure a saman kabet. Daga Anacha nake saro kayana, kuma na san su ciki da bai. Akwai ta yadi mai laushi, wadda in ka ɗan ja da baya sai ka rantse da safen nan aka ba ta ruwa. Akwai kuma ta roba zalla, mai ƙyalƙyali, ja wur, wadda in ta sha rana kaɗan take komawa kalar tsohon bokiti. Ita wannan ta biyun mutanenmu suka fi so, da ita kuma na ciyar da manyanku, saboda haka ba zan zage ta da yawa ba. Amma in mutum ya tambaye ni wacce ta fi, ina faɗa masa gaskiya ko da zai fasa saye. Na fara da wannan ne don ku san ba wanda bai san darajar fure ba ne ya yi abin da kuka ji an ce na yi wa kabarin ƙanena.

Umaru sunansa, Sanda ake kiransa. Shi ne autan Inna, ni ne ɗan farinta. Ni har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunana ba, “kai wanga” take ce mini. Shi kuwa tun yana ƙofar gida take kiran sunansa, ta tambaye shi ya ci ko bai ci ba, alhali ga shi da mata da ɗa. Direban roka ne, babbar motar kaya, yana ɗaukar albasa daga Aliero ya kai Kurmi, ya juyo da goro da katako, da kwalayen fulawata a ɗaure a sama. Mutum ne mai surutu, ba ya iya ba da labari a zaune. In ya dawo, gidanmu na unguwar Jega Magaji sai ya kwana biyu yana warin albasa da man juye. Matarsa Hajo tana yi masa tsiya a kan haka, shi kuma ya ce warin nan ne ya biya sadakinta. Ɗansu Nasiru a lokacin ko tsayuwa bai fara ba.

Da bazarar da ta biyo bayan samun jiha, Sanda ya taso da lodi daga Aliero, ya wuce Maiyama kaɗan, tayar gaba ta fashe, motar ta kife. Nan take ya cika. Mutanen wani ɗan ƙauye da ke kusa suka ciro shi. Ana zafin da gawa ba ta jira, don haka suka yi masa wanka, suka sallace shi, suka rufe shi kafin la'asar a gefen gonar wani dattijo, Malam Namadi, tsakanin kwalta da hanyar ƙafa da ake bi zuwa kasuwar Maiyama. Labari bai iso mu ba sai bayan an gama. Babu wanda ya ga laifinsu, haka ake yi, inda ƙasarka ta kira ka nan za ka kwanta. Da na je washegari na tarar da abin da kowa ya sani: tudun ƙasa, fasasshen tulu a wajen kai, an lulluɓe da ƙaya saboda dabbobi. Na zauna a gindin wata tsamiya ina kallonsa, ba na tunanin komai. Abin da na lura da shi kawai shi ne masu wucewa. Mai jaki ya tsayar da jakinsa ya ɗaga hannu. Mai keke ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa ya motsa baki ya shafa. Mata masu kaya a kai ba sa tsayawa, amma za ka ji suna cewa Allah ya jiƙan bawansa. Ba wanda ya san sunansa a cikinsu.

Matan gidanmu ba sa zuwa kabari, Inna kuma ko ana zuwa ƙafafunta ba za su kai ta ba. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Abin da ke cin ta shi ne ba a rufe shi a maƙabartar Jega ba, inda duk wanda ya shiga ziyarar nasa sai addu'arsa ta haɗa da kowa. Tana ganin an bar mata yaro shi kaɗai a daji. Da na dawo ta sa aka kira ni ɗakinta.

“Kai wanga, can da shika kwance, mutane na bi?”

“Suna bi, Inna. Hanyar kasuwa ce.”

“Suna tsayawa?”

“Suna tsayawa. Da idona na gani.”

Ta ce to alhamdu lillahi, ta ja mayafinta. Ran nan ta sha fura, abin da ba ta yi ba tun da labarin ya zo. Daga nan tambayar ta zama tamu ni da ita. Duk lokacin da na je na dawo, ko na bi hanyar kawai a mota, sai ta yi mini ita, ni kuma in ba ta amsa.

Bayan addu'ar arba'in direbobin tasha suka zo rumfata, babbansu Bello Dogo a gaba. Shi ya koya wa Sanda tuƙi, kuma ya so shi tsakani da Allah, wannan ba zan taɓa musantawa ba. Ya ce ransu ba ya yi musu daɗi in sun wuce suka ga abokinsu a yashe a bakin titi ba wata alama, damina biyu kawai za ta share shi. Su masu yawon Kurmi ne, sun ga yadda ake yi a can: a gina kabari, a shafe shi da fari, a ɗora zagayen furanni. Ni ma na gani, kuma a wurinsu abin yana da kyau, girmamawarsu ke nan ga mamacinsu. Bello ya ce sun haɗa kai za su yi wa Sanda haka, fure kawai suke so daga wurina. Limamin unguwarmu da ya ji ya ce ba abin so ba ne, amma a hankali ya faɗa, don ba ya son ɓata wa masu makoki. Ni ma na ɗan yi jim. Sai dai da suka fara zaɓe, jim ɗin ya tafi, ɗan kasuwa ya taso. Wai jar nan mai ƙyalƙyali suke so, har da wata mai tsuntsun roba a tsakiya da ake sa wa a gaban mota. Na ce wallahi ba a kan ƙanena ba, wannan ai sai ɗakin amaryar mahauta. Na ciro fararen na yadi da nake ɓoye wa matan manya, na haɗa da koren ganye kaɗan, na naɗa su a zoben waya da hannuna. Na ɓata lokaci a kansa fiye da duk wani aiki da na taɓa yi wa mai rai.

Aka kai bulo da siminti, aka ja gini iya gwiwa, aka shafa farin fenti. Aka kafa allon ƙarfe da sunansa cikin boko, aka rataya zoben furen a jiki. Mai hoto ya biyo mu daga Jega ya ɗauka. Ko yau in an tambaye ni zan ce aikin ya yi kyau, ba hayaniya, ba almubazzaranci. Hajo tana cikin takaba aka kai mata hoton. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce yanzu hankalinta ya kwanta, in Nasiru ya girma akwai inda za a nuna masa. Inna ta karɓa ta juya shi sama ta juya shi ƙasa, don idonta ya yi rauni, ta miƙo mini abina. Direbobi kuma suka ɗauki al'adar danna oda in sun zo wucewa.

Da damina ta yi tsaka na shirya na tafi in ga yadda ruwa ya yi da furen, in canza waɗanda suka lalace. Ya dace da ranar kasuwar Maiyama. Na gama gyarana na koma gindin tsamiyar nan ina jiran mota. Mutane na ta wucewa, fiye ma da na ranar farko. Kowa sai ya kalli kabarin, wasu har su nuna wa juna. Amma babu wanda ya tsaya. Tun ina cewa sauri suke yi har na daina yi wa kaina wannan bayanin. Can wani tsoho mai jaki ya ratso inuwar ya sauke kayansa, muka gaisa, na ɓara goro na ba shi. Na tambaye shi, kamar baƙo, kabarin wane ne wancan.

“Wani ɗan Kurmi na, mota ta kashe shi. 'Yan'uwanshi sunka zo sunka yi mashi irin tasu. Allah sarki, kowa da nashi addini.”

Ba da raini ya faɗa ba, har da tausayi a muryarsa. Na ce masa musulmi ne, ɗan Jega ne, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Tsohon nan ya yi salati, ya miƙe da ƙyar ya je ya tsaya a kan kabarin ya yi addu'a mai tsawo. Da ya dawo ya ce in yafe masa, tun farkon damina yake bin nan bai taɓa buɗe baki ba. Yana ɗaure kayansa ya juyo ya dube ni.

“To ɗana, mi yas sa kunka ɓoye shi?”

Na nemi Malam Namadi a cikin gonarsa. Ya ce ai ya so ya aiko mini, kunya ta hana shi, ganin irin wahalar da muka sha. Shi da mutanen ƙauyensu sun sani, su suka sallace shi. Amma hanyar ta mutanen garuruwa ce da yawa, in ya gaya wa ɗaya goma sun wuce, allon kuma ba mai karanta shi a cikinsu. A ƙasar nan, in ji shi, ba a taɓa ganin kabarin musulmi da fure ba, ko da farin gini. Na tambaye shi in aka mayar da shi yadda yake fa. Ya ce za a tsaya kamar da. Amma ya ce in ji da kyau: muddin yana raye ba garmar da za ta taɓa wurin, bayan ransa kuwa ba zai ɗaukar wa kowa alkawari ba, tudun ƙasa tudun ƙasa ne.

A mota na yi ta shirya ƙaryar da zan yi wa Inna, kuma ƙarya ce mai sauƙi, kalma biyu. Da na shiga tana tsince wake a faifai. Ta yi tambayarta. Na buɗe baki na ji ina gaya mata abin da tsohon ya ce, duka. Ba ta ɗago ba, ba ta ce a rushe ba, ba ta ce a bari ba. Wasunku sun ji an ce ita ta sa ni, wannan ba gaskiya ba ne, kada a ɗora mata. Abin da ta yi shi ne ta daina tambaya. In na dawo daga hanyar sai ta ce sannu da zuwa, shi ke nan. Kwanon tuwonta ya koma fitowa kamar yadda ya shiga. Na ji tsoro ƙwarai, don na ga tsohuwar nan za ta bi shi ina kallo.

Na fara da abin da ya fi sauƙi, na je na cire zoben furen na bar ginin. Na ajiye shi a gindin tsamiya, kafin in juya 'yan matan Fulani masu tallar nono sun warware shi sun soka a kitso. Gaskiya ya fi yi musu kyau. Na sake komawa ranar wata kasuwar na zauna. Ba abin da ya canza, farin ginin kaɗai ya ishe su yanke hukunci. Sai na je tasha na sami Bello na yi masa bayani a gaban mutanensa, don ban so ya ji a bakin wani. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce shin su direbobin ba musulmi ba ne, ba sa yi masa addu'a in sun wuce? Na ce ina jin odarku tun daga nesa, amma ban taɓa ganin mai lodi ya taka birki a wurin ba. Wannan maganar ita ta ɓata komai, kuma da na san hanyar faɗinta da taushi da na bi, sai dai ban iya ba.

“Garba, mun yi ma abokinmu gata. In kat taɓa ginin ga, kada ka ƙara aza kwali bisa motar ɗayanmu.”

Na ce na ji. Ta Hajo ta fi wuya. Ta gama takaba ke nan, ta same ni a zaure, ta durƙusa, abin da ba ta saba yi mini ba, don da wasa muke yi da ita.

“Yaya, in an rushe, mi za ni nuna ma Nasiru?”

Ban ɓoye mata komai ba. Na gaya mata abin da Malam Namadi ya ce, har da cewa wata rana wurin zai iya ɓacewa. Ta ce to ka sani ke nan. Na ce na sani. Ta tashi ta shiga ciki.

Da sassafe na tafi da guduma da diga. Ni da Malam Namadi muka ɓare bulon a hankali daga waje, ba mu taɓa abin da ke ƙasa ba. Muka tara ƙasa, matarsa ta ba da tsohon tulu muka fasa muka kafa, muka saro ƙaya muka rufe. Ban tafi ba sai da na ga wani mai keke ya sa ƙafa a ƙasa. Da na dawo gida ban jira a tambaye ni ba, na tsaya a ƙofar ɗakin Inna na ce suna tsayawa. Ta ce da idonka? Na ce da idona. Ta rayu shekaru bayan haka, ta ci gaba da tambayarta, ni kuma ban taɓa buƙatar yi mata ƙarya ba.

Bello ya cika maganarsa. Kayana suka riƙa kwana a Anacha ba mai ɗauka, na gaji na sayar da ragowar fulawar na koma labule. Ba wannan ya dame ni ba, ko ba su hana ba na riga na fita sha'awarta. Har ya rasu muna gaisawa a jana'iza da ɗaurin aure, iyakarta ke nan. Hajo kuwa da an so ta zauna a gidan a rene mata yaron, ta ce a'a, ta koma wurin iyayenta a Gehuru da Nasiru da hoton. A can ya girma, a can ya ji labarin, kuma ba ƙarya ta gaya masa ba: baffansa ne ya ɗauki guduma. Na yi ƙoƙarin sa alamar da ba za ta hana addu'a ba. Na kafa dutse, aka ɗauke aka yi murhu da shi ko me, Allah masani. Na dasa bedi, wato dogon yaro, awaki suka cinye, na sake dasawa suka sake cinyewa. Malam Namadi ya riƙe amana har ya kwanta dama. Magada suka raba gonar, wanda ya samu gefen titi ya sayar, mai saye ya zo da garmar shanu. A lokacin ina fama da ciwon ƙafar nan, na yi damina biyu ban je ba. Da na je an sare tsamiyar ma.

Ban rubuta wannan don a ce na yi daidai ba, kuma ba neman gafara nake yi ba. An sa mini abu biyu a gaba, kabarin da za a gani da kabarin da za a tsaya wa, ga kuma tsohuwa ta daina cin abinci. Na zaɓa, na san kuma a kan wa abin zai faɗa. In aka mayar da ni ranar, gudumar zan sake ɗauka.

Shekarar da Nasiru zai yi aure ya zo rumfata, ya gaishe ni da ladabi kamar yadda yake yi kullum, ya ce yana so in kai shi. Na rufe rumfa muka shiga mota. Muka sauka bayan Maiyama. Gero ne ko'ina, ya fi tsayin mutum, tun daga bakin titi har inda ido ya tsaya. Na yi gaba, na dawo baya, ina neman kututturen tsamiya ko ɓallin siminti, yana tsaye yana jirana da hoton a hannu. Daga ƙarshe na nuna masa da hannu, daga wajen wancan kwalbatin zuwa wajen waccan kwanar titin, na ce a tsakanin nan yake, iya abin da na sani ke nan. Ya dubi inda na nuna, ya sa hoton a aljihu. Sai ya sunkuya ya tuɓe takalmansa tun a kan kwalta, ana rana mai zafi. Na ce akwai ƙaya a ciki.

“Baffa, ban san inda za ni taka shi ba.”

Ya shiga cikin geron da ƙafa ba takalmi, a hankali, har na daina ganinsa. Na ɗauki takalman na riƙe masa.